Tiramisu: kayan zaƙin da har gwamna ya yi fushi a kansa 🧵

1/ Jiya ƙanwata ta haɗa tiramisu da cakulan mai madara, ta ɗora bidiyon. Ba a yi awa ɗaya ba wani ya zo yana cewa wai ta ɓata girkin kakannin Italiyawa, wai ba haka ake yin "na asali" ba. To yau kam sai mun je mun gaida kakannin nan. Ku gyara zama, zaren yana da tsawo.

2/ Mu fara da wannan: tiramisu yaro ne. Da yawa a cikinmu iyayenmu sun girme shi. Ranar da Najeriya ta karɓi 'yanci a 1960, da za ka shiga gidan abinci a Rum ko Milan ka ce a kawo maka tiramisu, ido kawai za a zuba maka.

3/ Ga wanda bai taɓa ci ba: biskit ne dogo mai laushi, sunansa savoiardi, ana tsoma shi a kofi mai ƙarfi a jera a kwano. Sai a shimfiɗa masa kirim na gwaiduwar ƙwai da sukari da wani cuku mai maiƙo da ake kira mascarpone. A sake jera biskit, a sake kirim, a barbaɗa garin koko a sama, a kai firji. Ba ya ganin wuta ko tanda. (Kokon da ake cakulan da shi nake nufi fa, kada wani ya tafi sayo ƙosai 😂)

4/ Sunan kuwa kalmomi ne a haɗe: tira, mi, su. Ma'ana "ja ni sama", ko mu ce "ɗago ni". A bakin mutanen yankin Veneto "tiramesù" suke cewa. Wato abin da zai dawo maka da kuzari in jiki ya mutu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

5/ Akwai tatsuniyoyi uku da ake yawo da su a intanet. Ɗaya ta ce a birnin Siena aka ƙirƙire shi a ƙarni na 17 don karrama Cosimo na Uku, sarkin Tuscany. Ɗaya ta ce a Turin, garin Juventus, aka yi wa Cavour, ɗan siyasar da ya yi aikin haɗe Italiya ta zama ƙasa ɗaya. Ta ukun ita ta fi farin jini, don ta fi yaji: wai a gidan karuwai na Treviso aka fara ba baƙi shi don su samu ƙarfin komawa gida.

6/ Duk ukun gatanan gatananku ne. Babu takarda ko ɗaya ta zamanin da ta goyi bayansu. A 1891 Pellegrino Artusi ya fitar da littafin girkin da ya zama uban littattafan girki a Italiya, ya yi ta faɗaɗa shi har ya kai girke-girke 790. Babu tiramisu a ciki. Da a ce tun zamanin sarakuna ake cinsa, ta yaya mutumin da ya bi gari-gari yana tattara girki zai tsallake shi?

7/ Amma kayan haɗin, ɗaya bayan ɗaya, tsofaffi ne, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Savoiardi ya samo suna daga masarautar Savoy, ya yi ɗaruruwan shekaru. Kofi daga Habasha ya ratsa Yaman ya shiga Turai ta tashoshin ruwa irin Venice, inda gidan shan kofi na Florian yake buɗe tun 1720 har yau. Garin koko kuwa sai bayan 1828, da Van Houten na Holan ya samu lasisin injin matse man koko daga ƙwayarsa.

8/ Mascarpone shi ne mai rigimar. Asalinsa yankin Lombardy, wajen Lodi, kudu da Milan. Kirim ɗin madara ake ɗumamawa a sa masa tsami ya kama jikinsa, a tace a ƙyalle. Duk wadda ta taɓa yin awara ta gane dabarar. Matsalarsa ba ya jure zafi, kwana kaɗan ya lalace. Shi ya sa a da sai lokacin sanyi ake yinsa, kuma a nan kusa ake cinye shi.

9/ To ku haɗa lissafin da kanku. Ɗanyen ƙwai, cukun da ke saurin lalacewa, ga shi dole a ajiye haɗin sa'o'i cikin sanyi kafin ya daskare a iya yankawa. Wannan abinci ba zai bazu ba sai da firji. A ganina duk wanda zai ba da tarihin tiramisu bai ambaci firji ba, rabin labari ya bayar.

10/ Ga alƙaluman. A 1951 firji 18,500 kacal Italiya ta ƙera a shekara. Zuwa 1967 ta kai miliyan 3.2, ta zama ta uku a duniya bayan Amurka da Japan. A 1958 gidaje 13 cikin 100 ne ke da firji a ƙasar, a 1965 sun kai 55. Shekaru bakwai kenan fa.

11/ Kuma ina ake ƙera firjin? Kamfanin Zanussi yana Pordenone a yankin Friuli. Zoppas yana Conegliano, cikin lardin Treviso. Wato yankuna biyun da yau suke kokawa a kan tiramisu, su ne dai yankunan da ke cika gidajen Italiya da firji a lokacin. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin katari ba.

12/ Kafin wannan bunƙasar, Veneto yankin talauci ne. Manoma ne masu rayuwa a kan polenta, wanda kusan tuwon masara ne, safe da dare, har cutar pellagra ta rashin sinadari ta yi musu katutu. Ɗimbinsu suka yi ƙaura zuwa Brazil da Ajantina. A irin wannan gida, ƙwai da sukari ba abin wasa ba ne.

13/ Suna da wani abu da suke kira sbatudin: a fasa ƙwai, a ɗauki gwaiduwar, a buga ta da sukari da cokali har ta yi fari ta yi kumfa. Wa ake ba? Mai jego, maras lafiya, yaro ramamme, tsoho. Kamar dai yadda a wajenmu ake dama wa mai jego kunun kanwa don jiki ya dawo. Kun tuna ma'anar sunan? "Ɗago ni". Ga inda ya fito nan. Kakan tiramisu na gaskiya maganin gajiyar talaka ne a kofi.

14/ Yanzu mu shiga Treviso, ƙaramin birni mai magudanan ruwa, kimanin kilomita 30 arewa da Venice. Nan ne garin 'yan gidan Benetton masu tufafi. A tsakiyar gari akwai gidan abinci mai suna Le Beccherie, ma'ana mahauta, don a unguwar mahauta yake. Iyalin Campeol suka karɓe shi a 1939.

15/ Yadda iyalin ke ba da labari: Alba, matar Ado Campeol, ta haihu a 1955, surukarta ta riƙa ba ta sbatudin da kofi don ta murmure. Ɗanɗanon ya zauna mata. Shekaru bayan haka ta zauna da kukun gidan, Roberto Linguanotto, wanda ya yi aikin kayan zaƙi a Jamus, suka yi ta gwaji har suka dace da mascarpone. Wajen 1969 kenan. A 1972 ya shiga takardar abincin gidan.

16/ Akwai wata ruwayar da ta ce kuskure ne, wai mascarpone ya suɓuce wa Linguanotto ya faɗa kwanon ƙwai da sukari yana cikin haɗa askirim. Ni ban cika yarda da labaran "ya faɗa bisa kuskure" ba, don kusan kowane shahararren abinci sai an laƙa masa irinsa. Ruwayar mai jego ta fi kama da yadda girki ke haihuwa a zahiri.

17/ Abin da ke da takarda shi ne wannan: a 1981 marubucin abinci Giuseppe Maffioli ya rubuta a mujallar Vin Veneto cewa sabon kayan zaƙi ne da aka haifa a Treviso shekaru goma da 'yan kai da suka wuce, ya ambaci Le Beccherie, ya ambaci Linguanotto. Mutumin yankin ne, masanin girkin yankin, kuma da bakinsa ya kira shi sabo.

18/ A 2010 aka kai girkin gidan gaban lauya aka yi masa rajista tare da Accademia Italiana della Cucina, wato cibiyar kula da al'adun girkin Italiya. Kaya shida ne: gwaiduwa 12, sukari rabin kilo, mascarpone kilo ɗaya, savoiardi 60, kofi, garin koko mai ɗaci. A zagaye ake yinsa kamar kek, a yanka.

19/ Ku lura da abin da babu a jerin: giya. Na Le Beccherie ba shi da ko ɗigo. Amma, kuma wannan muhimmi ne gare mu, gidajen abinci da yawa a Turai da Amurka suna zuba giyar Marsala ko rum ko wani barasa mai ɗanɗanon kofi. Tunda ba a dafa shi, giyar tana nan daram. In kana waje ko kana sayen na roba a babban kanti, ka tambaya, ka karanta bayan kwali. Kada kunya ta hana ka.

20/ Da labarin ya tsaya nan da an huta. Sai maƙwabta suka ɗaga hannu. Gabas da Veneto akwai yankin Friuli Venezia Giulia. Masu kallon ƙwallon Italiya sun san Udinese, to nan ne. A 2016 wasu marubuta mata da miji, Clara da Gigi Padovani, suka fitar da littafi a kan tiramisu, suka tono takardun da suka girgiza Treviso.

21/ Na farko: garin Tolmezzo a cikin duwatsu, otal mai suna Albergo Roma. Uwargidan wurin, Norma Pielli, tana yin wani kayan zaƙi tun shekarun 1950. An ce daga littafin Artusi ta ɗauko wani girki mai suna dolce Torino, na savoiardi da man shanu da cakulan, ta cire man ta sa mascarpone, ta jiƙa biskit da kofi. Har da rasit na 1959 da sunan ya fito a jiki.

22/ Na biyu: ƙauyen Pieris, gidan abinci Al Vetturino, kuku Mario Cosolo. Nasa ya ma riga na Tolmezzo, kuma ana kiransa "tirime su". Sai dai a kofin gilashi ake zuba shi, da kek mai laushi da aka jiƙa da Marsala, da kirim, da cakulan. Babu mascarpone. Suna ɗaya, abinci daban.

23/ A watan Yulin 2017 ma'aikatar noma ta Italiya ta sa tiramisu a jerin kayan abincin gargajiya na Friuli, nau'i biyun duka. Gwamnan Veneto na lokacin, Luca Zaia, wanda tun 2013 yake fafutukar a amince Treviso ce mai shi, ya fito ya nuna ɓacin ransa a fili, ya nemi a dakatar da matakin. Gwamna guda, a kan biskit da kofi.

24/ Kafin ku yi dariya, ku tuna yadda muke da 'yan Ghana da Senegal a kan dafa-duka. Ko a ce gobe gwamnatin tarayya ta fitar da takarda cewa kilishi na jiha kaza ne ita kaɗai. Wallahi sai an kwana ana zare. Kuma bayan alfahari akwai kuɗi: 'yan yawon buɗe ido, sunan gari a jikin kwali, gasa, otal-otal. A shekarar 2017 ɗin nan aka fara gasar tiramisu ta duniya a Treviso, ta waɗanda ba sana'arsu ba ce girki.

25/ Ra'ayina, in an tambaye ni: takardun Friuli sun nuna sunan da dabarar suna yawo a arewa maso gabashin Italiya kafin 1969. Treviso kuma ita ta tsayar da siffar da duniya ta sani, daga can ya fita. Mutane da yawa ne a yanki ɗaya, da kaya iri ɗaya a hannu, firji ya iso musu lokaci ɗaya. Neman mutum ɗaya tilo da ya ƙirƙira kamar neman wadda ta fara dama fura ne.

26/ Akwai malamin tarihi a Jami'ar Parma, Alberto Grandi, da ya yi suna wajen cewa yawancin abin da ake kira tsohon girkin Italiya bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya samu siffarsa. Hirarsa da jaridar Financial Times a 2023 ta tayar da ƙura sosai a ƙasar. Ba komai nasa masana suka yarda da shi ba, amma a kan ƙuruciyar tiramisu da wuya ka ja da shi.

27/ Fitarsa duniya da gudu ta zo. Shekarun 1980 ya mamaye gidajen abincin Italiyawa a New York. A 1990 mujallar Hanako ta 'yan matan Tokyo ta yi babban rahoto a kansa, Japan ta rikice da son sa. A 1993 ya shiga fim ɗin Sleepless in Seattle, inda abin dariyar shi ne jarumin, Tom Hanks, bai san mene ne ba. A 2013 ɗan sama jannati Luca Parmitano ya tafi da busasshensa tashar sararin samaniya. Android 13 da ke wayar wasunku, sunansa na cikin gida a Google Tiramisu ne.

28/ Campeol ba su taɓa yi wa girkin rajistar mallaka don karɓar kuɗi ba. Duniya ta yi ta cin riba da sunan, su kuma a 2014 suka rufe Le Beccherie bayan shekaru 75, kasuwa ta ja baya. Daga baya wasu suka sake buɗe shi. Ado ya mutu ƙarshen Oktoban 2021 yana da shekaru 93, ba a yi mako biyu ba Alba ta bi shi. Linguanotto ya mutu a Yulin 2024.

29/ To mu dawo kan ƙanwata da cakulanta mai madara. Shi wannan cakulan a garin Vevey na Suwizalan aka haife shi a 1875. Daniel Peter ya sha wahala shekaru, don ruwan da ke cikin madara ba ya shiri da man koko, haɗin ya ƙi kamawa ko ya yi fumfuna. Sai da ya koma ga madarar da aka ƙafe ruwanta, fannin da maƙwabcinsa Henri Nestlé ya ƙware a kai. Eh, Nestlé ɗin da kuka sani.

30/ Ku yi lissafi: 1875 da 1972. Cakulan mai madara ya girmi tiramisun Treviso da kusan shekaru 100. Kuma kun ga dolce Torino na Artusi da cakulan a ciki, na Pieris da gwamnati ta amince da shi ma da cakulan. Ita kanta gasar Treviso rukuni biyu gare ta, na girkin asali da na ƙirƙira. Don haka mai cewa an ɓata girkin kakanni, wane kakan daga ciki?

31/ Wani abin kuma, kokon ma daga ina? Kodebuwa da Ghana su ke noma kusan rabin kokon duniya, Najeriya da Kamaru ma suna cikin manyan masu nomansa. Cocoa House na Ibadan da aka buɗe a 1965 da kuɗin koko aka gina shi. A 2024 farashin tan ɗaya ya haura dala 10,000 saboda amfanin gona ya lalace a Afirka ta Yamma. Wannan baƙin garin da ke saman tiramisu a Treviso, akwai yiwuwar daga gonar maƙwabtanmu ya tashi.

32/ Inda zan ba masu tsattsauran ra'ayi gaskiya guda ɗaya ne: ɗanɗano. Tiramisu yana tsaye ne a kan faɗa tsakanin ɗaci da zaƙi. Kofi da koko suna ja nan, kirim yana ja can. Cakulan mai madara ya riga ya zo da sukarinsa da madararsa, in ka zuba shi a kan cikakken sukarin girkin, cokali uku za ka yi ya gundure ka.

33/ Ga yadda za a yi a gida. Kashi ɗaya cikin huɗu na girkin Treviso: gwaiduwa 3, mascarpone giram 250, savoiardi 15. Sukarin ya kamata ya zama giram 125, amma in za a sa cakulan mai madara giram 100, a rage shi zuwa kamar 50. Kofin a haɗa shi da ƙarfi, kada a sa masa sukari ko kaɗan, a bari ya huce.

34/ Cakulan a narka shi a kwano bisa tururin ruwan zafi, kada ɗigon ruwa ya shiga, in ya shiga zai dunƙule ya zama kamar ƙasa. Matsalar da ta wahalar da Daniel Peter ke nan, har yau tana nan. A bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi kafin ya haɗu da mascarpone, kuma a juya a hankali, in aka buga da yawa kirim ɗin yana tsinkewa.

35/ Maganar ƙwai ba wasa ba ce a yanayinmu. Italiyawa ɗanye suke sawa, amma ɗanyen ƙwai yana iya ɗauke da ƙwayar salmonella, ga zafi, ga ɗauke wuta. A buga gwaiduwa da sukarin a kan tururi har ta yi kauri ta kai wajen digiri 71, sannan a sauke. Mai ciki da ƙananan yara da tsofaffi kada a ba su na ɗanyen ƙwai. In firji ya kwana babu wuta, haƙuri za a yi a zubar.

36/ In mascarpone ya gagara ko ya yi tsada, a samu kirim mai kauri rabin lita, a ɗumama shi har ya kusa tafasa, a zuba ruwan lemun tsami babban cokali ɗaya, a juya 'yan mintuna. Ya huce, a juye a ƙyalle mai tsabta bisa rariya, ya kwana a firji. Da safe ga mascarpone.

37/ Biskit kuma tsomawa ɗaya a cire, kada a bar shi ya yi wanka a kofin. A jera, a shafa kirim, a sake. Aƙalla awa shida a firji, in ya kwana ya fi. Garin kokon sai za a kai gaban mutane ake barbaɗawa, don in ya daɗe yana jiƙewa ya yi baƙi. Kuma mai ɗacin za a nema, ba Milo ba. Ƙanwata Milo ta sa, wannan kam ban kare ta ba.